Keken da Ke Ɗingishi

Duk wanda ya san Baba Tela kafin mujallar nan ta fito ya san shi da surutu. Shekara talatin da takwas ya yi a shago ɗaya, a ƙasan wani tsohon bene, mai sayar da fenti a damansa, mai walda a hagunsa, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa ganin ranar da bakinsa ya riga kekensa yin shiru ba. Ko ya cika baki da allurai zai gwada maka riga, sai ya ci gaba da ba ka labari ta gefen leɓe, kai kana fargabar kada ya haɗiye ɗaya, shi ko a jikinsa. Mai walda, wanda ƙara ce sana'arsa, ya sha rantsuwa cewa in ya koma gida ba ƙarfe ke yi masa kuwwa a kunne ba, muryar Tela ce.

Ba wani shahararren tela ba ne, shi ma bai taɓa cewa shi ne ba. Ubansa ɗan dako ne a tashar mota, ya kai shi koyon ɗinki yana ɗan shekara goma sha huɗu don kada shi ma ya ƙare da kaya a ka. Ya koya, ya yi aure, ya sayi wani tsohon keke mai feda, baƙi, wanda furannin da aka zana masa suka goge tun kafin ya zo hannunsa. Da wannan keken ya yi faci, ya yi kalmasa, ya canza zif ba adadi, ya ɗinka rigunan 'yan makarantar rabin unguwa. Da shi ya yi renon 'ya'ya huɗu har suka kama gabansu. Shagon bai fi taku biyar ba: benci ɗaya, madubi mai tsaga a kusurwa, igiyar rataye kayan da aka gama, da wani buhun ƙyallaye da kullum yake cewa wata rana za su yi amfani. Ba wanda ya taɓa tashi daga wata unguwa takanas don ya zo ya gan shi.

Sai wata Asabar da hantsi mutum uku suka tsaya a ƙofarsa suna kallon ciki kamar sun zo gaisuwar mara lafiya. Na gaba ƙaton mutum ne, direban bas, ya naɗe wata mujalla a hannu. Bayansa wata nas ce da ta tashi daga aiki ba ta ko cire farin takalminta ba, sai wani siriri mai tabarau, mai gyaran rediyo, wanda suke ce wa Injiniya.

"Baba, kai ne telan da ke ƙasan benen nan tun shekara talatin da suka wuce?" in ji Direba.

"Ni ne, sai dai in benen ne ya canza wuri. In wando aka aiko ku karɓa, na gaya wa mai shi tun shekaranjiya, ba ni na ce ya yi ƙiba ba, kuma…"

"Ba wando ba ne, Baba." Direba ya warware mujallar ya nuna masa bango. Hoton wani mutum ne mai dogon gashi, ya rungume jita mai lantarki, ya rufe ido kamar cikinsa ke ciwo. "Ka gane shi?"

Baba Tela ya matso da hoton kusa da hanci. Gashin bai sani ba, amma kunnuwan nan ba sa ɓoyuwa. Ɗan Bene ne, ɗan matar da ta yi haya a sama da can, wani ramammen yaro mai yawan tari. Ashe shi ne ya zama babban mai kiɗan nan da ake kira rok, wanda jita ke ihu a cikinsa ganguna na rugugi. Baƙin nan uku masoyansa ne na ƙin ƙarawa, sun haddace waƙoƙinsa kaf.

Nas ta karɓi mujallar ta buɗe shafin hirar da aka yi da shi, ta gyara murya ta karanta.

"An tambaye shi, waƙa ta ina take fara zo maka, ta kalmomi ko ta jita? Ya ce, 'Ta ƙafa. Ba na rubuta ko harafi sai ƙafata ta sami takunta. In ta samu jita ta bi, kalmomi su zo daga baya kamar baƙin da suka makara.' An ce, a wurin su wa ka koya? Ya ce, 'Na saurari faya-fayan ƙasashen waje har suka karce, kamar kowa. Amma malamina na farko tela ne. Ɗakinmu yana saman shagonsa. Kullum da sassafe, kafin a tashe ni shirin makaranta, nakan ji kekensa ta ƙasan katifa. Taku uku daidai, na huɗu ya ɗan makara, kamar mai ɗingishi. Duk waƙar da na yi a kan wannan takun take tafiya. In yana wannan ɗinkin ban taɓa jin muryarsa ba, ko tari. A wurinsa na koyi cewa mai aikin gaske ba ya surutu. An ce mini har yau yana nan da kekensa, bai yarda an sa masa lantarki ba. Ranar da keken nan ya yi shiru, ina jin ni ma zan jingine jita.'"

Mai walda, da ya leƙo jin gulma, ya tuntsire da dariya har ya dafa bango. "Wa? Wannan ne ba ya surutu? To lallai ni ma ban taɓa yin ƙara ba."

Baba Tela ya buɗe baki zai mayar masa, sai kuma ya rufe. Wannan shi ne karo na farko da maƙwabta suka ga ya yi haka.

Dalili kuwa, ya san wanda yaron ya ji, kuma ba shi ba ne. A waɗancan shekarun shi da iyalinsa suna zaune ne a ɗakin bayan shago. Aiki yakan taru masa, musamman gab da buɗe makarantu, saboda rabin yininsa a hira yake tafiya. Matarsa, wadda kowa ke ce wa Inna, ta koyi keke da kallo kawai. Sai ta riƙa tashi da asuba, ta shiga shago ta ƙofar baya, ta yi ta ɗinki har ƙarfe takwas, sannan ta fito ta shirya yara. Shi a lokacin yana komawa barci, ƙarar keken tana yi masa daɗi kamar ruwan sama a kan rufi. Ƙarfe tara ya buɗe shago ya tarar da riguna shida a rataye, masu kaya su zo su ce hannun Tela akwai tsabta, ya ce ai baiwa ce. Shekara goma sha biyar aka yi haka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Takun ma ya san shi. Inna ta karye a ƙafar hagu tun tana yarinya, ɗorin bai yi kyau ba, tana ɗan jan ƙafar in ka lura. Yakan tsokane ta ya ce, "Ke kam ko keke sai kin koya masa ɗingishi." Ita ta yi murmushi kawai. Ranar da autansu ya gama makaranta ta naɗe awon ɗinki ta rataye a ƙusa, ba ta ƙara ɗora ƙafa a kan feda ba. Ya ɗauka hutu take so, bai tambaya ba.

Abin da ya kamata ya gaya wa baƙin nan gajere ne: ba ni ba ne, matata ce. Har ya haɗa maganar a bakinsa. Sai Direba, ƙaton mutum irin wannan, ya cire hula ya ce, "Baba, ka yarda in taɓa keken?" Ya miƙa yatsu biyu ya shafi baƙin ƙarfen, ya ɗago ya dubi Tela da wani irin kallo da ba wanda ya taɓa yi masa tun da uwarsa ta haife shi. Zuciya ba ta da ƙashi. Baba Tela ya haɗiye gaskiyar, ya gyaɗa kai a hankali irin na manya.

"Kun gani?" in ji Direba da raɗa. "Ba ya magana."

Daga ranar Asabar ta zama tasu. Su uku ba sa fashi, wani lokaci su zo da wasu, benci ya cika har a aro gwangwanayen mai fenti a zauna a kai. Su kunna waƙoƙin Ɗan Bene a wayar Injiniya, su buɗe mujallar da ta fara yagewa a tsakiya, su yi ta yi mata filla-filla.

"Da ya ce kalmomi baƙi ne da suka makara," in ji Nas wata rana, "nufinsa ba su da muhimmanci. Shi ya sa waƙarsa ta uku baiti biyu ce kacal, sauran duk jita ce."

"Haba, 'yar'uwa!" in ji Direba. "Baƙon da ya makara ai shi ake jira. Ni in waƙar nan ta zo wurin da yake kiran uwarsa, sai na rage gudu, fasinja su yi ta tsaki."

"Ku duka kun bar jaki kuna dukan taiki," in ji Injiniya. "Ya ce faya-fayansa sun karce. Faifan da ya karce yana tsalle. Ni ina zargin rabin takun nan daga can ya samo shi, ya manta."

"Kana cewa ƙarya ya yi?"

"Ban ce ba. Na ce mawaƙi in ya ga ɗan jarida yakan gyara labari."

"To ga malaminsa nan zaune, tambaye shi!"

Sai duk su juyo. Baba Tela yana da amsa goma a kan kowace magana, suna yi masa ƙaiƙayi a maƙogwaro. Yana da labarin ranar da Ɗan Bene ya faɗo daga matakala ya fasa kwalbar mai, yana da labarin uwarsa da mai gidan haya. Amma mujalla ta ce ba ya surutu. Sai ya yi ɗan murmushi ya ce, "Hmm," ya ci gaba da taka feda. Su kuwa su tafi gida suna gardamar abin da "hmm" ɗin ke nufi.

Shirun bai tsaya a Asabar ba. Mutane suka fara zuwa ranakun aiki, wasu da riga lafiyayya su ce a rage mata hannu, don dai su zauna su ji keken. Bai san wane ne mai kaya na gaske ba, wane ne masoyin rok, dole ya kame baki da kowa. Mai walda ya ce unguwa ta zama maƙabarta. Shi kuwa Tela in ya rufe shago yakan ji haƙarƙarinsa sun yi nauyi da maganar da bai yi ba.

Wannan duk mai sauƙi ne in aka gwada da ciwon gwiwa. Tun kafin mujalla gwiwarsa ta hagu ta fara kumbura. Babbar 'yarsa, mai aiki a kantin magani, wadda yake kira Uwata, ta kai shi asibiti. Likita ya latsa, ya duba hoto, ya ce ba wasa: in bai bar taka feda ba, kafin shekara ta zagayo sai da sanda. Ita ce ta sayo masa ɗan injin lantarki da ake ɗaura wa keke, aka sa ranar da za a ɗaura, sai ga Direba da mujallarsa. Injin yana nan cikin kwalinsa a ƙarƙashin buhun ƙyallaye, inda Tela ya ɓoye shi kamar kayan sata.

"Baba, wata uku ke nan," in ji 'yar, ranar da ta biyo ta same shi yana shafa man zafi a ɓoye. "Ina injin?"

"Yana nan, Uwata, ba ya ruɓewa."

"Shi ba ya ruɓewa, ƙafarka fa?"

"Ba ki ji abin da yaron nan ya ce ba? In keken ya yi shiru zai jingine jita. Mutum dubu nawa ke jin waƙarsa? In zama ni na kashe musu ita?"

"Shi yana can yana kaɗa gashi, ko katin gaisuwa bai aiko maka ba. Baba, ƙafar taka ce ko tasa?"

Ya ci gaba da shafa man. Ta ɗauka sabon halin nan nasa ne na shiru, ta tafi tana faɗa. Amma ba haka ba ne. Tsoro yake ji ranar da za a ɗaura injin ya koma telan faci da ba wanda ke cire masa hula. Yana jin kunyar wannan tsoron, amma kunyar ba ta kore shi ba.

Ana nan sai Injiniya ya taso da abin da Tela ke gudu tun farko. Shi mutum ne da kunnensa ya saba da neman inda rediyo ke shaƙewa. Wata Asabar ya kashe waƙa a tsakiya, ya karkata kai wajen keken.

"Ku yi shiru. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ina ɗingishin? Wata uku ina saurare, keken nan tafiyar soja yake yi."

"Kunnenka ne ya toshe da dalma," in ji Direba.

"Ko da sassafe kawai yake fitowa," in ji Nas. "Ai ya ce da sassafe."

"Sai mu raba gardama," in ji Injiniya. "Asabar ta sama zan zo da na'urar ɗaukar murya. Mu ɗauki keken, mu aika wa masu mujalla su miƙa masa. In ya ji ya gane, na rufe bakina. Baba, ka yarda?"

Me zai ce? Ya ce, "Hmm," suka ɗauka ya yarda.

Mako biyun nan Baba Tela ya ga ta kansa. Da rana tsaka, in ba kowa, sai ya ja labule ya yi ta gwaji. Ya ƙirga uku ya tsaya, keken ya tsaya cak. Ya ƙirga uku ya rage, keken ya juya baya ya tsinke zare. Ya sassauta bel, ya cusa ƙyalle a ƙarƙashin feda, har takalmi ɗaya ya cire. Ɗingishin da ke fitowa na ɗan wasan kwaikwayo ne, ko shi bai yarda da shi ba. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Da ya rasa yadda zai yi, sai ya nufi mai abin. Yanzu suna zaune a wani ɗan gida layi biyu daga shago. Inna ta san da maganar mujalla tun makon farko, 'yarsu ta karanta mata. Abin da ta ce kawai shi ne, "Wai ba ka surutu, Malam?" ta yi dariya har ta share hawaye da gefen mayafi. Game da wanda ya taka keken kuwa ba ta ce uffan ba, shi ma bai ce ba, maganar tana zaune tsakaninsu kamar baƙon da ba a yi wa shimfiɗa ba.

Ya same ta da yamma a bakin ƙofar ɗaki tana ninke wanki. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya yi zancen tsadar zare, ya yi zancen mai fenti, sannan ya ce kamar abin bai dame shi ba, "Wai Innar yara, takun nan naki na keke, yaya kike yin sa ne?"

"Wane taku?"

"Na lokacin can. Uku daidai, na huɗu ya makara."

"Ni ban san ina wani taku ba. Ɗinki nake yi."

"To nuna mini mana, ko da hannu ne a kan tebur."

Ta ninke wata riga, ta shafe ta da tafin hannu, ta ɗora a kan sauran. "Ba koyarsa ake yi ba, Malam. Kada Allah ya sa ka iya."

Ransa ya ɓaci. Ya ce a zuci, ƙyashi ne, ta ga ana cire masa hula. Ya tashi ya shige ɗaki yana gunaguni, ranar ko shayinsa bai shanye ba.

Asabar ta zo. Injiniya ya shigo da na'ura da waya mai tsawo, ya ɗaure makirfo a ƙafar keken. Mutum sun kai goma sha biyu, wasu a tsaye a waje. Aka ba Tela wani dogon labule ya yi wa kalmasa, don ɗinkin ya yi tsawo ba tsayawa. Ya zauna yana jin kamar wanda za a yanke wa hukunci. Ya riga ya yanke shawara zai taka yadda ya saba, in asiri ya tonu ya tonu.

Ɗauka ta farko mai walda ya ɓata ta, ya tada injinsa a tsakiya. Aka je aka ba shi haƙuri. Ta biyu wata babbar mota ta yi ham a bakin titi. Ta uku batir ya mutu, aka aika a sayo. Kowace ɗauka minti goma ce cur, kuma Injiniya ba ya yarda a huta, wai kada keken ya huce. Baba Tela bai taɓa taka feda haka a jere ba tun yana saurayi, don shi ɗinkinsa kullum da hutun hira a tsakani. Kafin a fara ta huɗu gwiwar ta cika wando, tana zafi kamar an ɗora mata dutsen guga.

"Bismilla, Baba," in ji Injiniya.

Ya taka. Gumi ya keto masa ta ƙeya. Ɗaya, ya daure. Biyu, ya daure. Uku, ya cije leɓe. A taku na huɗu ƙafar hagu ta ƙi. Ba shi ya hana ta ba, ita ta janye kanta, ta ɗan ɗaga don ta sami numfashi, ta bar ta dama ta ƙarasa da kyar. Sannan ta dawo. Ɗaya, biyu, uku, ta sake janyewa. Uku take iya ɗauka, ba ta iya huɗu.

Injiniya ya ɗaga hannu a hankali, bakinsa a buɗe. Ya cire tabarau. Wani a bakin ƙofa ya fara kaɗa kai, wani ya fara buga cinya, can sai ga su suna rera waƙar nan ta uku ƙasa-ƙasa, tana hawa kan keken daidai kamar don shi aka yanka ta. Direba yana kuka ba kunya, yana cewa, "Shi ne! Wallahi shi ne!"

Baba Tela bai ji su ba. Kunnensa yana kan keken, yana jin ƙarar da ta yi shekara goma sha biyar tana sa shi barci. Ashe ba salo ba ne, ba kuma rashin iyawa ba ne. Ciwo ne. Kowane taku na huɗu wuri ne da mace ta ɗaga ƙafa don ta kasa, sannan ta mayar saboda akwai riguna shida da za a zo karɓa ƙarfe tara. Ba ta tari, ba ta magana, saboda ta cije leɓe. Shi yana bayan bango ya ja bargo, yaro yana sama yana koyon kiɗa, duniya kuma ta zo tana rawa.

Nas ce kaɗai ta daina kallon keken ta kalli fuskarsa. Ta matso ta ce a hankali, "Baba, ƙafarka." Ya girgiza kai, ya kai ƙarshen labulen, ya yanke zare.

Injiniya ya durƙusa ya roƙi Tela ya yafe masa zargin da ya yi. Direba ya ce Asabar mai zuwa zai cika bas da mutane ya kawo su su ji da kunnensu. Tela ya sallame su, ya rufe shago tun la'asar ba ta yi ba. Layi biyun nan da ya saba yi a minti biyar ya yi su yana dafa bango, yana tsayawa kamar mai karanta tallan da aka liƙa.

Inna tana bakin ƙofar ɗaki tana tsince wake a faranti. Ta miƙe ƙafar hagu a kan wata 'yar kujera. Haka take zama kullum, shekara arba'in yana ganin wannan zaman, yau ne ya fara lura da shi. Ya sauka ƙasa kusa da ita da kyar, ya jingina da bango.

"Na iya," ya ce.

Ta dubi fuskarsa, ta dubi gwiwar da ta cika wando. Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye farantin.

"Asabar zan gaya musu ke ce," in ji shi. "Zan sa a rubuta wa masu mujallar."

"Ka gaya musu, su cika bas su zo su ɗora ni a kan keke? A'a, Malam. Ka ci yabon riguna ban ce komai ba, ci wannan ma."

"To in ɗaura injin?"

"Ƙafarka ce. Ni tawa na riga na bayar."

Ya yi shiru. Wannan karon ba shirun mujalla ba ne, maganar ce ta yi masa nauyi. A waje wani ya wuce da rediyo, jita tana ihu, ganga tana taku uku tana makara a na huɗu.

"Innar yara, tun yaushe yake miki ciwo?"

"Tun safiyar farko."

"Shekara goma sha biyar? Me ya hana ki faɗa mini?"

Ta sa ƙafarta mai lafiya ta turo 'yar kujerar wajensa, ta matsar da tata gefe don tasa ta sami wuri.

"Yaushe ka yi shiru da zan faɗa?"